Kasko Ɗaya, Cokali Biyu

"To ko ƙwai ɗaya in fasa maka? Man ya riga ya yi zafi."

"Na ce miki na ci, Gajeriya."

"A ina?"

"A hanya." Dogo ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi, bai ɗago ya dubi matarsa ba. "Kashe wutar nan ki zauna. Dubi ƙafarki, kamar an hura ta da famfo."

Ta dubi ƙafar. Gaskiyarsa, ta kumbura har silifas ya yi mata shaida. Tun safe take tsaye a shagon wanki da guga inda take aiki, tururi na dukan fuskarta, dutsen guga na cin kafaɗarta. Ta murɗe makunnin gas. Man da ke cikin kaskon ya ɗan yi tsaki, ya yi shiru.

"Ke fa?" ya tambaya daga ƙofar banɗaki. "Kin ci?"

"Na ci a shago."

Ba ta ci ba. Amma ta gwammace ta kwana da yunwa da ta tsaya tana soya ƙwai ɗaya tal don kanta, mijinta na ɗaki da ciki cike da girkin wani gida. Ta juye albasar da ta yanka a kofi, ta rufe, ta tura firji kusa da ta jiya, wadda ta riga ta saki jiki ta fara ruwa. Da ta ji ƙarar ruwan wanka, ta gutsuri burodi ta ci a tsaye, tana tauna da sauri kamar ɓarauniya a cikin gidanta.

Da ba haka suke ba.

Dogo direban bas ne, irin manyan nan da ke kwasar ma'aikata daga wannan gefen gari zuwa wancan. Shi da Gajeriya suna zaune a saman bene, ciki da falo, da wani kicin da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Tun farkon aurensu suka gane babu mai dawowa gidan nan da sauran ƙarfin da zai tsaya kan tukwane. Sai suka kafa doka: kasko ɗaya, cokali biyu, babu faranti. Duk abin da bai dahu ba kafin Dogo ya fito daga wanka, to ba abincin ranar aiki ba ne.

Kowane girki kuma da sunansa, shi ya raɗa musu. Akwai Ba-ni-da-ƙarfi: ta kakkarya taliya cikin kasko, ta zuba ruwa iya wuyanta, ta yanka albasa da tumatir a tafin hannu suna faɗawa kai tsaye, in ruwan ya kusa tsotsewa ta fasa ƙwai a sama ta rufe. Babu tsanewa a kwando, balle wankin kwando. Akwai Bazawara, wato shinkafar jiya da aka soya da ƙwai ta yi sabon aure. Akwai kuma Haƙuri, burodin da aka gasa a kaskon aka juye masa kifin gwangwani, na ranar da ko wuƙa ba ta son ɗauka.

Sai su shimfiɗa tsohon tawul a ƙasan kicin su ɗora kaskon. Shi ya kife bokiti ya zauna, gwiwoyinsa har kunne. Ita ta jingina da firji ta miƙe ƙafafu a kan nasa. Ya ja layi da cokali a tsakiyar abincin ya ce, "Ga iyaka. Duk wanda ya tsallaka ɗan fasa-ƙwauri ne." Kafin ta kai loma ta uku ya fara satar gwaiduwar ɓangarenta, ta buge masa cokali ta ce kwastan sun kama shi, ya ce a yi masa rai, yana da iyali. A nan ƙasan yake ba ta labarin fasinjojinsa har da kwaikwayon muryoyinsu, musamman tsohon nan da kullum sai barci ya kwashe shi ya wuce tasharsa, ya farka yana zagin direba. A nan ta gane tana sonsa fiye da yadda ta yi niyya. Wasu in an ambaci soyayya furanni ke faɗo musu a rai, ko daɗaɗan kalamai. Ita ƙamshin albasa take ji, da sanyin firji a gadon bayanta.

Sai ranar da Yaya ta zo ba sanarwa. Yayar Dogo ce, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har yau Auta take ce masa, kuma in ta dube shi yaron da take yi wa wanka take gani. Ta tsaya a ƙofar kicin da jaka a hannu. Ta dubi bokitin, ta dubi kaskon, ta dubi ƙafafun Gajeriya a kan na ƙanenta.

"Amarya, faranti ne ba ku da shi in aiko muku?"

"Akwai, Yaya. Wanki muke gudu."

"Ke da wanki ne sana'arki." Ta leƙa kaskon. "Wannan kuma na marasa lafiya ne ko na 'yan makaranta? Mutum ya yini yana murɗa sitiyari a tare shi da wannan?" Ta juya ga ƙanenta. "Gidana a kan hanyarka yake, Auta. Ka riƙa biyowa kana cin abin da zai riƙe ka."

Dogo ya yi dariya ya ce Yaya ba ta san daɗi ba, ya miƙa mata cokalinsa. Ba ta karɓa ba.

A cikin satin aka yi wata rana mai nauyi a shago. Injin wanki ɗaya ya tsaya, kaya suka yi tsibi, wani mai kwat ya tsaya a kanta yana zazzaga faɗa kan maɓallin da tun daga gidansa ya ɓace. Da kyar ta hau benen, tana dafa bango. Ta ɗora kasko, ta jefa albasa, mai ya fantsamo ya ƙone mata wuyan hannu, daidai inda dutsen guga ya lashe ta da rana. Ƙunar ba wata babba ba ce, amma ita ta ɓalle bakin kukan. Ta tsaya tana yi wa kaskon magana kamar mutum.

"Na gaji da kai. Wallahi na gaji. Kullum ciki, kullum ciki. Da ma a ce rana ɗaya in dawo gidan nan in tarar babu mai jiran hannuna."

Ta yi mai isarta, ta wanke fuska, ta fasa ƙwai. Can an jima Dogo ya shigo da sallama mai ƙarfi, har da buga takalmi a bakin ƙofa. Ranar bai ja iyaka ba. Ya ci kaɗan, ya karɓi kaskon ya wanke da kansa. Washegari ya dawo ya ce ya ci a hanya. Kashegari ma haka.

Ba ta sha wahalar ganewa ba. Gidan wa ke kan hanya? Wa ta ce ya riƙa biyowa? Ta so ta tambaye shi baki da baki, sai ta ga in ya ce eh, ba ta san inda za ta kai fuskarta ba. Don haka ta haɗiye. Kullum dai sai ta yanka albasa ta ɗora mai, ko yau zai ce bai ci ba. Kullum sai ta kashe.

Abin da ba ta zata ba, da aka ɗauke kaskon daga ƙasa sai hirar ma ta bi shi. Ashe ba su da wani wurin zama tare sai nan. Akwai kujeru a falo, amma a kan kujera sai su zama kamar mutum biyu masu jiran mota. Ya kwanta a doguwar kujera ya danne ciki da matashin kai yana kallon talabijin da aka rage wa murya. Ita ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a cikin bokitin da a da yake zama a kai. Ta daina jin labarin tsohon mai barci. Ba ta san ko har yanzu yana wuce tasharsa ba, ko ya mutu. Daga tagar kicin ƙamshin girkin maƙwabta ke shigowa, da ƙarar cokula, da muryar wata uwa tana ce wa yaro ya cinye. Ta samu hutun da ta daɗe tana mafarki, ta rasa inda za ta ajiye shi.

Wata safiya tana haɗa kayan aikinsa za ta tafi da su shago ta goge, ta zare bel daga wando, ta ga sabon rami a jikinsa. Ba irin wanda ya zo da shi ba, na ƙusa ne, bakinsa duk a yage. Gaba da shi kuma akwai wani. Ta daɗe tana shafa ramukan da yatsa. A shago ta kasa riƙewa, ta faɗa wa matar da ke ninke kaya kusa da ita, wata mai yawan shekaru da yawan ra'ayi.

"Yana ci a gidan yayarsa kuma yana ramewa?" Matar ta karkaɗe zanen gado. "To ba ciki ba ne, 'yar nan, zuciya ce. Akwai abin da ke cinsa a gida."

Gajeriya ta danna dutsen guga a kan kwalar wani har tururi ya rufe mata ido. Me ke gidan in ba ita ba?

Ranar hutunta ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tafi kasuwa da sassafe, ta sayo nama da kayan miya, ta kunna kan murhun duka biyu. Ta yi miya irin ta Yaya, wadda mai ke iyo a samanta, barkono na sa mutum atishawa tun daga matakala. Ta dafa shinkafa daban. Ta fito da farantan aurenta ta wanke ta jera a teburin falo, ta yi wanka, ta sa turare, ta zauna tana sauraron takun masu hawa bene.

Dogo ya shigo ya tsaya turus.

"Baƙi za mu yi?"

"Kai ne baƙon. Kuma kar ka ce mini ka ci."

Ya dubi teburin. Ya dubi kicin inda tukwane suka taru a wurin wanke-wanke. Sannan ya dubi ƙafarta, fuskarsa ta yi wani iri.

"Hutun naki guda kika ƙone a kan wannan?"

"Kai dai zauna."

Ya zauna. Ya kai cokali na farko, ya kai na biyu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya ajiye cokalin a hankali, ya dafe ƙasan ƙirjinsa. "Ya yi daɗi," ya ce. "Wallahi ya yi daɗi." Ya tashi ya shiga banɗaki ya kunna famfo da ƙarfi.

Ta zauna gaban farantan tana jin zubar ruwa. Ko kwaikwayon ma bai karɓu ba, ta ce a ranta. Ta juye miyar a roba ta kai wa maƙwabta, ta wanke tukwanen har hannunta ya yi fari. Kaskon kuwa ta goge shi, ta taka kujera, ta kife shi a saman kabad inda ba za ta riƙa ganinsa ba. Daga ranar ta daina yanka albasa.

Kiran ya same ta da rana tsaka, tana goge labulen wani otal. Daga tasharsu Dogo ne. Wai yana cikin tuƙi ya ji duhu na rufe masa ido, ya lallaɓa ya gangara gefen titi, ya ja burkin hannu, ya buɗe wa fasinjoji ƙofa, sannan ya kife a kan sitiyari. Wai har da aman jini. Ta fita ta bar dutsen guga a wuta, sai mai ninki ce ta cire.

Yaya ta riga ta zuwa asibiti. Gajeriya ta same ta a baranda, ido jajur, ɗankwali a karkace.

"Sannu, Amarya. Kin ga aikinki."

"Aikina, Yaya?"

"Likita ya ce gyambon ciki ne, ya daɗe yana cinsa. Ya ce yaron nan ƙwayoyi yake ta afawa a kan cikin da babu komai, kamar wanda ba shi da kowa a duniya. Ya tambaye ni me yake ci da dare. Na ce a tambayi matarsa."

Duk abin da Gajeriya ta haɗiye ya taso mata lokaci guda.

"Ni za a tambaya? Ai ke ya kamata ki faɗa masa. Ke kika ce ya riƙa biyowa, ya kuwa bi. Ni rabon da ya ci abin hannuna ya ƙoshi har na manta."

Yaya ta saki baki. "Gidana? Rabona da Auta tun ranar da na same ku a ƙasa. Na kira shi har na gaji. Kullum sai ya ce sauri yake, matarsa na jiransa da abinci."

Suka tsaya suna kallon juna. Wata nas ta wuce tana tura keken magani, ƙafarsa ɗaya na ƙiƙi-ƙiƙi har ƙarshen baranda.

Da aka bar Gajeriya ta shiga, ta tarar da shi kwance, ƙafafunsa sun zarce gadon, an sa masa ƙarin ruwa. Babu kakin aiki mai kauri da zai ɓoye shi. Ta ga ƙasusuwan wuyansa, ta ga yadda agogo ya zame masa har tsakiyar hannu. Ba wai da ba ta gani ba ne. Ta gani, ta ba abin wata ma'ana. Ta ja kujera ta zauna.

"Direba," ta ce. "A wace hanyar kake ci?"

Ya lumshe ido. "Yaya ta tona ni ke nan."

"Tambayarka nake."

"Akwai mai shayi a tasha."

"Shayi da me?"

"Da maganin ciwon baya. Wani lokaci biskit."

"Babu masu sayar da abinci a garin nan?"

"Na gwada." Ya lashi leɓensa da ya bushe. "In na zauna a benci ni kaɗai, sai ya tsaya mini a wuya. Babu iyaka, babu kwastan. Daga baya kuma da ciwon ya fara, ko na ci sai ya dawo. Na ce gara shayin."

"Saboda me? Me na yi maka?"

Ya mai da idonsa kan silin.

"Ina kan matakala ranar nan. Ranar da kike yi wa kasko faɗa. Na ji kin ce da ma ki dawo ki tarar babu mai jiran hannunki. Na tsaya a waje na rasa da wace fuska zan shigo. Na ce tsayuwar shago dai ba zan iya ɗauke miki ba, amma wannan ɗayar zan iya."

"Da kasko nake, ba da kai ba."

"Kasko ba ya jin yunwa, Gajeriya. Ni ne mai jiran hannun."

"To me ya hana ka shigo ka karɓi wuƙar ka yanka albasar?"

Ya juyo ya dube ta, kamar ta yi masa magana da wani yare.

"Bai zo mini ba," ya ce a hankali. "Wallahi bai zo mini ba." Can ya ƙara, kamar mai neman abin dafawa, "Ke dai tunda kina ci a shago, shi ya sa hankalina ya kwanta."

Dariya ta kuɓuce mata, kafin ta kai ƙarshe ta koma kuka.

"Wane shago? Sabulu zan ci ko sitati? Gutsuren burodi nake ci a tsaye in ka shiga wanka. Na ɗauka ka raina girkina ne, ka koma gidan Yaya. Sai in zauna ina soya ƙwai kana kallona?"

Ya juya fuskarsa ga bango. Ta ga kafaɗarsa na motsi. Ta kama wuyan hannunsa, wanda babu allura, ta ɗora nata kusa da shi, sai ta ga ashe duka biyun sun sirance. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, murhu na da gas, firji na da ƙwai, suna kwana da yunwa baya da baya, ɗaya don tausayi, ɗaya don zuciya.

Kwanakin da ya yi a asibiti, daga shago take wucewa can, ta zauna har a kori masu dubiya. Ran nan ta dawo gida ta buɗe firji, ta tarar da kofunan albasa jere a can ciki, kowanne da murfinsa, wasu sun yi baƙi. Ta zubar da su ɗaya bayan ɗaya. Warin ya sa ta hawaye, ko kuma ta bar wa warin laifin.

Ranar sallama likita ya yi musu bayani su ukun. Abinci mai laushi, babu yaji, babu mai da yawa, kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, daga safe har dare. Kada a bar shi shi kaɗai tukuna, don jiri na iya kayar da shi. Daga tasha kuma an aiko cewa ba zai taɓa sitiyari ba sai ya warke sarai. Ke nan shagon guga ne kaɗai ya rage musu, ba halin ta bar shi ko na yini ɗaya. Yaya kuwa a gida take yini. Babu wanda ya faɗi abin da hakan ke nufi, har suka hau benen, Dogo na hutawa a kowace kwana.

Yaya ba ta ko zauna ba. Ta ce wa mai tasi ya jira a ƙasa, ta shiga ɗaki ta jawo jaka ta fara zuba kayan ƙanenta.

"Babu inda zan je," in ji Dogo daga kan doguwar kujera. Muryar ba ta da ƙarfin maganar.

"Wa zai ba ka abinci da hantsi? Bango?" Yaya ta ninke riga ta danna. "In ka faɗi a banɗaki, talabijin ce za ta ɗaga ka?"

"Zan iya dafa ƙwai."

"Kai da ko yanka albasa bai zo maka ba." Ashe ta ji, tana bakin ƙofa ranar a asibiti. Ta ja zif ɗin jakar, sannan ta juyo ga Gajeriya, ta sassauta murya, abin da ba ta saba ba. "Ba ƙwace zan yi miki ba, Amarya. Ni ma bakina ya yi nasa, na sani. Amma na ga abin da ku biyun kuke yi wa juna in an bar ku ku kaɗai."

Maganar ta shige Gajeriya har ƙashi. Daga ƙasa mai tasi ya danna ham. Su biyun suka zuba mata ido, shi yana roƙonta ta ce a'a, Yaya tana jira ta ce to.

Ta dubi ɗan kicin ɗin. In ya tafi, gobe za ta hau benen nan ta buɗe ƙofa ta tarar babu mai jiran hannunta, kamar yadda ta roƙa da bakinta. Ta kuma san yadda irin wannan tafiya take. Sati ya zama wata, mutum ya saba da wani gado da wani girki, hira ta koma ta waya, wayar ma ta gajarce. Su da kasko kawai aka ɗauke suka rasa abin ce wa juna, ina ga an ɗauke mutum ɗungurungum. In kuma ya zauna, zai yini shi kaɗai da jiri, ya ga kumburin ƙafarta da yamma, tausayin nan nasa mai kisa ya motsa.

"Ki ce mata zan zauna," in ji Dogo.

"In ka zauna, zan dawo ka ce mini ka ci. Ni kuma na daina yarda da wannan maganar daga bakinka."

Ta jawo kujera ta taka, ta miƙa hannu saman kabad ta sauko da kaskon. Ta goge shi da gefen zaninta. Ta buɗe durowa ta ɗauko cokali biyu, ta naɗe su a tsohon tawul, ta ɗora duka a kan jakar.

"Ina da tukwane a gidana," in ji Yaya.

"Na sani, Yaya."

Dogo ya yunƙura ya tashi zaune, ya gane inda ta dosa. "Gajeriya, daga shagonku zuwa gidan Yaya sai kin canja mota. Sannan ki dawo nan ki kwana ki yi sammako. Ƙafarki fa?"

"Ƙafata tawa ce. Ka daina yanke hukunci a kanta ba ka tambaye ni ba. Ranar da na gaji zan ce na gaji, ka ji da kunnenka, ka miƙo hannu ka karɓi wuƙa. Ba ka je ka kashe mini kanka a tasha ba."

Mai tasi ya sake danna ham. Ta ɗauki jakar da kanta, kaskon na karo da cokulan a cikin tawul, ta tsaya gaban yayar mijinta.

"Ki tafi da shi, Yaya. Safe da rana naki ne, ki ba shi duk abin da likita ya ce. Amma ki bar mini kan murhu ɗaya da yamma. Na dare ni zan riƙa zuwa ina dafawa, ko da dankali ne da gishiri. Shi zai fere, kuma a ƙasa za mu ci."